Ruwaƙan Azhar da Baƙin Ɗalibai: Daga Hannun Waƙafi zuwa Hannun Gwamnati

Jami'o'in Musulunci na wannan zamani suna yawan magana a kan buɗe ƙofofinsu ga sauran duniya, wato karɓar ɗalibai da malamai daga wasu ƙasashe, da ƙulla yarjejeniyoyi da takwarorinsu, da amincewa da takardun shaidar juna, har ta kai da wuya a sami jami'ar da ba ta keɓe ofishi na musamman domin wannan aiki ba. Da yawa suna ɗaukar abin a matsayin sabon tsari da aka aro daga Turai da Amurka, alhali masallacin Azhar na birnin Alƙahira ya shafe ɗaruruwan shekaru yana saukar da baƙon ɗalibi, yana ciyar da shi, yana karantar da shi, tun kafin a san fasfo ko takardar izinin shiga ƙasa. A tsawon wannan tarihi hannu biyu ne suka ɗauki nauyin baƙon: na farko waƙafi, wato dukiyar da mai ita ya tsare asalinta har abada ya sadaukar da amfaninta ga wata hanyar alheri, na biyu kuma gwamnatin zamani da kasafin kuɗinta da manufofinta na ƙasashen waje. Sauyawa daga hannu na farko zuwa na biyu ita ce babban abin da ya faru ga ɗalibin da ke barin ƙasarsa domin neman ilimin addini, kuma har yau ba a gama ganin sakamakonta ba.

Jauhar al-Siƙilli, kwamandan rundunar Faɗimiyawa, shi ne ya aza harsashin masallacin a shekarar 970, aka kuma yi sallar Juma'a ta farko a cikinsa a watan Ramadan na shekarar 361 ta Hijira, daidai da 972. A 988 waziri Yaƙubu ɗan Killis ya yanka wa malaman fiƙihu fiye da 30 albashi, aka gina musu masauki kusa da masallacin, wanda hakan ya mayar da shi wurin karatu mai tsari bisa aƙidar Shi'a Isma'iliyya ta masu mulkin lokacin. Da Salahuddin al-Ayyubi ya kawo ƙarshen daular a 1171, an ɗauke sallar Juma'a daga Azhar har kusan shekara 100, sai a zamanin Sarki Baibars na Mamalik aka dawo da ita, masallacin ya sake tashi a matsayin cibiyar mazhabobin Sunna. Wannan farfaɗowa ta zo ne a daidai lokacin da sauran manyan biranen ilimi suke faɗuwa, domin Ƙurɗuba ta kuɓuce wa Musulmi a 1236, Ishbiliya a 1248, Bagadaza kuma Mongol suka rusa ta a 1258. Malamai daga gabas da yamma suka kwarara zuwa Masar, wadda dama ita ce zangon alhazan Afirka a kan hanyarsu ta zuwa Makka, kuma ko Ibn Khaldun da ya iso daga Tunis a farkon shekarun 1380, a Azhar ya fara zaman karantarwa.

Tsarin da ya riƙe waɗannan baƙi shi ne ruwaƙi. Asalinsa rumfa ce mai ginshiƙai a gefen farfajiyar masallaci, daga baya sunan ya koma kan sashen da aka keɓe wa ɗaliban wata ƙasa ko wani yanki ko wata mazhaba, inda suke kwana, suke ajiye akwatunan littattafansu, suke karɓar abincinsu. Masanin tarihi al-Maƙrizi ya rubuta cewa a shekarar 818 ta Hijira, wato 1415, mazauna masallacin sun kai mutum 750, cikinsu akwai Farisawa da mutanen Zaila na gaɓar gabashin Afirka da mutanen Magrib da na ƙauyukan Masar, kuma kowace ƙungiya tana da ruwaƙin da aka san ta da shi. Ya kawo wannan adadi ne a cikin labarin wani amiri da aka ba kula da masallacin, wanda ya kore su duka a waccan shekara, kuma al-Maƙrizi ya ɗauki korar a matsayin babbar musiba. Zaman baƙin ya dawo daga baya, sarakuna irin su Ƙaitbai suka ƙara gine-gine da waƙafai, amma labarin ya nuna tun da wuri cewa mai mulki yana iya taɓa baƙon ɗalibi duk lokacin da ya ga dama, kuma abin da ke mayar da shi wurinsa shi ne dukiyar da aka tsare da sunansa.

Yadda ruwaƙi yake gudana ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ƙarfin tsarin yake. Kowane ruwaƙi yana da shehunsa, wanda galibi ɗan yankin ne, shi ke riƙe da rajistar sunayen ɗalibai, shi ke sasanta rigimarsu, shi ke tsaya musu a gaban hukuma, shi ke kuma lura da rabon jiraya, wato adadin gurasar da ake ba kowane ɗalibi daga amfanin waƙafi. Ɗalibin da ya zauna a masallacin ana kiransa mujawiri, ma'ana wanda ya maƙwabci wurin ibada domin karatu. Takardar waƙafi ita ke fayyace wanda ya cancanci rabo, ko ɗan wace ƙasa ne, ko mabiyin wace mazhaba ne, kuma da yake sharaɗin mai waƙafi abu ne da shari'a ta wajabta kiyayewa, alƙali ba ya da ikon karkatar da gurasar mutanen Magrib zuwa ga mutanen Sham. Sabon zuwa yakan jira har gurbi ya samu kafin a rubuta sunansa cikin masu jiraya. Karatun kansa ba a raba shi bisa ƙasa ba: malami yakan zauna a gindin ginshiƙinsa, ɗalibai su kewaye shi, Bakurde kusa da mutumin Jawa, Basudane kusa da Baturke, kowa da littafinsa a hannu, harshen Larabci ya haɗa su. Babu kuɗin makaranta, babu jarrabawar shiga, babu adadin shekarun da aka ƙayyade. Wanda ya sauke littafi a gaban malami yakan karɓi ijaza, wato izinin ruwaito littafin ko karantar da shi, mai ɗauke da isnadi, wato jerin sunayen malamai har zuwa kan mawallafi, kuma wannan takarda tana da daraja ɗaya a Fas da Timbuktu da Katsina da Delhi ba tare da wata hukuma ta sa mata hannu ba. Abin da jami'o'in yau suke kashe shekaru suna tattaunawa a kansa, wato amincewa da shaidar juna, isnadi ya riga ya warware shi ta hanyar dogaro da sunan malami.

A zamanin Usmaniyawa, bayan 1517, ruwaƙai suka ƙaru, musamman bayan faɗaɗa masallacin da Abdurrahman Katkhuda ya yi a tsakiyar ƙarni na 18. Zuwa lokacin da Ali Mubarak ya lissafa su a littafinsa na tarihin unguwannin Masar a shekarun 1880, akwai na Turkawa da na Sham da na Magrib da na Kurdawa da na Indiyawa da na Jawa da na Yaman da na Jabarti, wato Musulmin Habasha da kewaye, da na Sinnar da na Darfur da na Barno. Bai dace a ƙawata tsarin fiye da kima ba. Ruwaƙan Magrib da na Turkawa suna da waƙafai masu kauri da ɗakunan littattafai masu daraja, na mutanen ƙasashen Sudan kuwa ƙanana ne, ɗalibansu kaɗan, rabonsu ma kaɗan, kuma rigima tsakanin ruwaƙi da ruwaƙi a kan muƙami ko rabo ta sha kaiwa ga doke-doke. Duk da haka matalaucin ruwaƙi yana da abin da babu mai ƙwace masa, kuma shehunsa daga cikin mutanensa yake.

Alaƙar yankin Tafkin Cadi da wannan tsari ta girmi ruwaƙin Barno kansa. Al-Maƙrizi ya ambaci makarantar Ibn Rashiƙ ta mabiya mazhabar Malikiyya a tsohon birnin Fusɗaɗ, ya ce mutanen Kanem da suka biyo ta Masar kan hanyar hajji a shekarun 640 na Hijira, wato wajen tsakiyar ƙarni na 13, su ne suka ba alƙali Alamuddin ɗan Rashiƙ kuɗi ya gina ta ya kuma karantar a cikinta, sannan suka ci gaba da aiko mata da dukiya daga ƙasarsu. Wannan ya dace da zamanin Mai Dunama Dibbalemi. Muhimmancin labarin shi ne cewa mutanen wata daula ta Afirka ta tsakiya ne suka ɗauki nauyin masaukin 'ya'yansu a ƙasar waje da dukiyarsu, suka shiga harkar ilimin duniyar Musulmi a matsayin masu bayarwa. Wasiƙar da Mai Usman ɗan Idris na Barno ya aika wa Sarki Barƙuƙ na Masar a wajen 1391, wadda al-Ƙalƙashandi ya adana, da wasiƙar nasiha da Jalaluddin al-Suyuɗi ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas a ƙarshen ƙarni na 15, duk suna nuna cewa hanyar ba ta taɓa mutuwa ba.

A ƙarni na 18 an sami misalai biyu da suka fi kowane bayyana yadda ilimi ke tafiya ta ɓangarorin biyu. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi karatunsa a ƙasar Hausa da Barno, ya yi hajji a wajen 1730, ya zauna a Alƙahira yana karantarwa yana wallafa littattafai a kan ilimin lissafi da hatimai da sirrin haruffa, ya rasu a can a wajen 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, wanda zuriyarsa ke riƙe da shugabancin ruwaƙin Jabarti, kuma ɗan Hasan ɗin, Abdurrahman al-Jabarti, mashahurin masanin tarihin Masar, ya rubuta tarihin Bakatsinen cikin manyan malaman zamanin. Na biyu shi ne Malam Jibrilu ɗan Umar, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya karɓi ijaza a Alƙahira daga Murtala al-Zabidi, mawallafin ƙamus ɗin Tajul Arus. Shi al-Zabidi an haife shi a Indiya, ya yi karatu a Yaman, ya zauna a Masar, don haka isnadin da ya iso Gobir ta hannun Malam Jibrilu ya ratsa ƙasashe uku kafin ya sauka. Galibin malaman ƙasar Hausa ba su taɓa taka Azhar ba, amma Azhar ta shigo zaurukansu ta hanyar littafi, domin sharhin al-Kharshi a kan Mukhtasar na Khalil, wanda mawallafinsa ake lissafawa a matsayin Shehun Azhar na farko, da littattafan Ahmad al-Dardir, shehun ruwaƙin mutanen kudancin Masar, da hashiyar al-Dasuƙi da ta al-Sawi, duk daga gindin waɗancan ginshiƙai suka fito.

Rushewar tsohon tsari ta faro ne daga dukiya. Muhammad Ali Basha, a farkon ƙarni na 19, ya mayar da gonakin waƙafi masu yawa ƙarƙashin ikon gwamnati, ya kuma buɗe makarantun zamani da suka fara janye manyan ayyuka daga hannun Azharawa. Gyare-gyare suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya: dokar 1872 ta kawo jarrabawar alimiyya, wato shaidar da sai da ita mutum zai zauna karantarwa, dokar 1896 da Muhammad Abduh ya yi wa fafutuka ta tsara shekarun karatu da rajista, dokar 1930 kuma ta kafa kwalejoji uku na usuluddini da shari'a da harshen Larabci. Ijazar malami ta ja baya, takardar hukuma ta maye gurbinta, jiraya ta gurasa ta koma alawus na kuɗi. A wannan zamani ne kuma jirgin ruwa mai tururi da mashigin Suwes suka sauƙaƙa zuwan ɗalibai daga nesa. Ɗaliban Jawa da Malaya suka yawaita har suka fara buga mujallarsu a Alƙahira a 1925, ayarin farko na ɗaliban Sin ya iso a 1931, cikinsu har da Muhammad Ma Jian wanda daga baya ya fassara Alƙur'ani zuwa harshen Sinanci.

Arewacin Nijeriya bai sami rabonsa na wannan bunƙasa ba, saboda Turawan mulkin mallaka sun ɗauki Masar a matsayin matattarar ra'ayoyin ƙin jinin mulkinsu. A tsakiyar shekarun 1920 sun tura jami'insu G. J. Lethem ya bi hanyar alhazai zuwa Sudan da Jidda da Alƙahira domin binciken abin da 'yan Afirka ta Yamma ke koyowa a can, kuma manufar da ta biyo baya ita ce karkatar da masu neman Larabci zuwa Sudan, wadda ke ƙarƙashin idon Ingila. Malaman da suka karantar a Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, daga Sudan aka ɗauko su, kuma a tsakiyar shekarun 1950 Bakhtur Ruda da ke Sudan aka tura Malam Abubakar Gumi da abokansa. Waɗanda suka isa Azhar a lokacin da ƙafarsu da guzurinsu suka isa, kamar Shehu Adamu Abdullahi na Ilori wanda ya je a 1946, ya dawo ya kafa Markaz a 1952 bisa tsarin aji da allo da jarrabawa da ya gani a can.

Juyin mulkin 1952 ne ya kammala mayar da baƙon ɗalibi hannun gwamnati. Jamal Abdunnasir ya bayyana cewa Masar tana tsakiyar da'ira uku, ta Larabawa da ta Afirka da ta Musulunci, kuma Azhar ita ce makamin da ya fi dacewa da biyun ƙarshe. A cikin shekarun 1950 aka soke waƙafin iyali, aka mayar da waƙafin alheri ƙarƙashin ma'aikata, aka gina Madinatul Bu'us, wato unguwar masaukin ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya, wadda aka buɗe a 1959, ɗalibai suka tashi daga ruwaƙai suka koma benaye masu ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci. Doka mai lamba 103 ta 1961, a zamanin Shehu Mahmud Shaltut, ta ƙara kwalejojin likitanci da injiniyanci da noma da kasuwanci, ta kafa Majalisar Binciken Musulunci mai kula da baƙin ɗalibai da tura malamai ƙetare, ta kuma sa naɗin Shehun Azhar a hannun shugaban ƙasa. Amfanin wannan a bayyane yake, kuma zalunci ne a raina shi, domin ɗan talakan da a da sai ya yi shekaru yana tafiya yana aikin gona a Sudan kafin ya ga Alƙahira, yanzu yana samun gurbin karatu ta ofishin jakadanci, dubbai suka sami abin da a da 'yan ƙalilan ke samu, mata ma aka buɗe musu kwaleji a farkon shekarun 1960. Sai dai gurbin ya zama kyautar gwamnati ga gwamnati, yawansa yana hawa yana sauka gwargwadon zafin zumunci ko sanyinsa, kuma babu wata takardar waƙafi da ɗalibi zai kai gaban alƙali idan aka janye shi.

Da ilimi ya zama hanyar neman tasiri, sai masu gasa suka fito. A wannan shekara ta 1961 Saudiyya ta buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda tun daga farko aka keɓe mafi yawan gurabenta ga waɗanda ba 'yan ƙasar ba, tare da tikitin jirgi da masauki da alawus, ƙarƙashin shugabancin Shehu Muhammad ɗan Ibrahim da mataimakinsa Shehu Abdul'aziz ɗan Baz, kuma cikin manyan malamanta na farko akwai Muhammad al-Amin al-Shinƙiɗi daga Muritaniya. A Khartum, Cibiyar Musulunci ta Afirka da ta fara aiki a 1977 ta zama Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa a 1992. Tasirin waɗannan makarantu a kan wa'azi da saɓanin malamai a Kano da Kaduna da Yamai da Kumasi abu ne da kowane mai bin al'amuran addini ya sani, kuma Shehu Ja'afar Mahmud Adam, wanda ya yi karatu a Madina da Khartum, misali ne na malaman da wannan zamani ya haifar. Kowace jami'a tana aiko da ɗalibanta gida da littattafanta da fahimtarta, wanda hakan ya faɗaɗa karatu ƙwarai, ya kuma shigo da saɓanin da asalinsa na siyasar wasu ƙasashe ne.

An yi ƙoƙarin fitar da al'amarin daga hannun ƙasa ɗaya zuwa hannun gamayya. Taron shugabannin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi da aka yi a Lahor a watan Fabrairun 1974 ya yanke shawarar kafa jami'o'i biyu a Afirka, ɗaya a Nijar domin ƙasashen yamma, ɗaya a Uganda domin na gabas da kudu. Ta Nijar an aza ta a Sayi, garin Alfa Muhammadu Jobbo da ke bakin Kwara kudu da Yamai, inda dama aka buɗe makarantar Faransanci da Larabci ta farko a ƙasar a 1957, amma ba ta fara karatu ba sai a 1986, ta Uganda da ke Mbale kuma a 1988, wato fiye da shekara goma bayan yanke shawarar. A tsakanin nan aka kafa ta Islamabad a 1980 da ta Malesiya a 1983, sannan a 1987 aka kafa Tarayyar Jami'o'in Duniyar Musulmi ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙungiyar. Ta Malesiya ta bunƙasa domin gwamnatin ƙasar ta rungume ta da kuɗinta, na Afirka biyun kuwa sun sha fama da ƙarancin kuɗi a shekarunsu na farko, saboda alƙawarin da ake yi a zauren taro ba ya zama albashin malami sai an biya shi. Maganin da aka koma nema tsoho ne, domin jami'ar Uganda ta dogara a wani ɓangare da kuɗin hayar ginin Sarki Fahad da aka yi mata waƙafi a Kampala.

Matsalar da ta fi ci wa ɗalibai tuwo a ƙwarya ita ce ta takardar shaida. Kafin ɗalibi ya shiga Azhar ko Madina sai an yi wa makarantar da ya fito mu'adala, wato an auna manhajarta an yarda ta yi daidai da tasu, idan ya dawo gida kuma sai wata hukuma ta auna digirinsa, sannan ya tarar da aikin gwamnati yana gudana da Ingilishi ko Faransanci, harsunan da bai yi karatu da su ba. Da yawa daga cikinsu sun ƙare a koyarwa a makarantun Islamiyya da limanci, wasu suka sake zama ɗalibai a jami'o'in gida domin cike giɓin. Yaƙin da ya ɓarke a Khartum a watan Afrilun 2023 ya ƙara nuna raunin tsarin, domin an kwaso ɗaliban Nijeriya da na sauran ƙasashe karatunsu bai kammala ba, suka shiga neman jami'ar da za ta karɓi shekarun da suka riga suka yi. A Azhar kuwa, tun daga shekarun 1990 wasu malamai, cikinsu har da Shehu Ali Jumu'a wanda daga baya ya zama muftin Masar, suka farfaɗo da zaman karatun littafi a cikin masallacin, kuma baƙin ɗalibai daga Indonesiya da Malesiya da Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda suka fi cika waɗannan zaurukan, suna halartar kwaleji domin digiri, suna kuma zama gaban malami domin ijaza.